Ba Yanzu Ba

A gidanmu, can gabas da Sule Tankarkar,
ba ginshiƙi ke riƙe da soro ba,
kalma uku ce,
kuma Baffa Mantau ne mai su.

Ruwan farko ya sauka daren Talata,
ƙamshin ƙasa har cikin ɗaka.
Da asuba muka saɓa sungumi, ni da Barau da Ɗanlami,
iri a ƙwarya, ƙafa na ƙaiƙayi.
Ya tsuguna a bakin gona,
ya tura yatsa cikin rairayi,
ya zaro, ya duba inda laima ta tsaya,
ya goge a gefen taguwa.
"Ba yanzu ba."
Maƙwabta na ta binne iri, mu muka juyo
kamar waɗanda aka kora daga wurin suna.
Kwana goma sha tara sama ba ta ƙara tofawa ba.
Geron mutane ya leƙo, ya ƙone a tsaye.
Baffa bai ce na faɗa muku ba.
Da ma ya ce. Shirun ya fi ciwo.

Amma ba zan shafa masa zumar da babu ba.
Shekarar da riɗi ya yi tsada a Maigatari,
na durƙusa da farashi a tafin hannu, cikin waya,
na ce buhu shida, Baffa, Alhamis ɗin nan.
Ya ɓare goro, ya ba ni ɓari.
"Ba yanzu ba."
Muka jira.
Farashi ya tafi kamar gugan da igiya ta tsinke masa.
Babu wanda ya ce kanzil.
Inna Tambai ma, mai bakin reza,
ƙara masa man shanu ta yi a tuwo.
Na kwana ina juyi a tabarma:
wace irin sarauta ce wannan,
in ta dace, hangen manya,
in ta kauce, haka Allah ya so?

Bana yana ta rufe masa ido.
Bayan lisha ya aika a kira ni,
ya dafa kafaɗata muka fita, ba fitila.
Me makaho zai yi da fitila a gonar ubansa?
Ƙafarsa ce ke karatu.
Daga aduwar nan zuwa wancan suri, namu ne.
Layin gamba, kakanka ya dasa ranar da aka yi sulhu.
Ƙarƙashin nan akwai fasasshen tulu,
in an yi musu, a tona.
Sai ya tsaya, ya daɗe.
"Riɗin nan," ya ce, "taka ce daidai."
Na rasa inda zan sa idona, ko da yake ba ya gani.
"Kada su Barau su ji.
Jirgi ɗaya, in matuƙa biyu ne, kifi ke cin riba."

Shekaranjiya hadari ya haɗo daga gabas,
ya zubar da abin da ya zubar.
Gari na wayewa ga Tasi'u, ɗan yayana,
ko gemu bai fara ba,
sungumi a kafaɗa, yana taka rawa da ƙafa ɗaya.
Aka shimfiɗa wa Baffa buzu a gindin gawo.
Kowa ya zuba masa ido.
Shi kuwa ya juyo da fuskarsa inda ya ji numfashina.

Na tsuguna.
Na tura yatsa.
Laima ta kai gaɓa biyu, ta uku a bushe.
Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.
Ashe shi ma haka yake ji
duk shekarun nan,
ciki na kaɗawa, fuska kamar dutse,
bakuna ashirin da ɗaya rataye a harshensa.

Tasi'u ya ce, "Kawu, mu zuba?"
Na miƙe a hankali,
na goge yatsan a gefen riga.